Ɗinkakken Aljihun Injiniya Kene

Kenechukwu ba ya zama gaban kwamfuta da takalmi. Ko a shagonsa ne, ko a shagon wani da ya kira shi gyara, zai tsaya a gefen kujera ya tuɓe su, ya jera su kusa da juna, sannan ya zauna. Na taɓa tambayarsa ko kwamfutar ma sai da alwala ake taɓa ta. Ya yi dariya, ya ce mahaifinsa ne ya koya masa cewa ba a taka keken ɗinki da takalmi, domin tafin ƙafa ke fara jin ciwon keke kafin kunne ya ji. Kwamfuta ba ta da abin takawa, amma ƙafar ta riga ta saba.

Mahaifin nasa, Emmanuel, na san shi tun ina saurayi. Mai gyaran keken ɗinki ne, yana da rumfa a bakin kasuwar Sabon Gari. Duk telan Fagge da kekensa ya fara tsinke zare, a ka yake ɗaukarsa ya kai masa. Ni sunana Sallau, a Rijiyar Lemo nake zaune, kuma ban taɓa aikin keke ba. Aikin hannu na koya, allura da zare a ƙirjin babbar riga. Amma a wurin Emmanuel muke sayen allura, don tasa ba ta tsatsa. A nan Kano aka haifi Kene, a nan ya yi makaranta. In ka ji Hausarsa ta bayan labule sai ka rantse ɗan Fagge ne. Sai in ransa ya ɓaci ne yake komawa yaren iyayensa, can ɗin ma ba ya daɗewa. A shekarun da gari kan ɗauki zafi, mun san ƙofar gidajen juna. Wannan ya isa a kan wannan.

Lokacin da kekunan kwamfuta suka fara shigowa, waɗannan masu kawuna da yawa da ke gama aikin wata guda a yini ɗaya, Kene ya riga ya gama karatun kwamfuta ya dawo, mahaifinsa kuma ya rasu. Sai ya kama ɗaki a saman wani bene a Titin Ibrahim Taiwo, ya zama likitan waɗannan kekuna. Daga nan teloli suka sa masa Injiniya. Matarsa Philomena tana koyarwa a wata firamare a Sabon Gari, suna da 'ya ɗaya, Ujunwa. Da rana ba ya cin komai sai gurasa da ƙuli, kuma dole ta wata tsohuwa ce a Fagge, ya ce ta sauran mutane takarda ce.

Kekunan sun zo da zanen ƙasashen da aka ƙera su: furanni, tsuntsaye, haruffa. Mutumin Kano kuwa ba ya sa tsuntsu a ƙirji ya tafi ɗaurin aure. In tela yana son aska ko tambari, adon da muka saba sa wa ƙirjin riga, sai ya zauna kwana da kwanaki yana nuna wa kwamfuta inda kowace allura za ta faɗa, ɗaya bayan ɗaya. Abin ya dami Kene. Ya yi kusan shekara biyu yana wani aiki da bai gaya wa kowa ba, sai wata safiya ya aiko mini in zo in ga yaren da ya ƙirƙiro.

Na hau benen da ƙyar, na ce, "Yare kuma? Waɗanda Allah ya yi ba su ishe ka ba?"

"Baba, wannan na magana da keke ne. Kwamfuta ma'aikaciya ce mai biyayya, amma ba ta da wayo ko kaɗan. Abin da ka ce shi za ta yi, ba abin da kake nufi ba."

"To ai akwai irinta a cikin mutane."

"Akwai. Amma ita ba ta zuwa biki ranar Litinin."

Ya sa wa yaren suna Allura. Kalmominsa Hausa ne, ba su kai arba'in ba: miƙe, juya, cika, maimaita, da ire-irensu. Telan da ya iya karanta boko zai rubuta layi ashirin, keke ya fitar masa da aska. Abin da ya fi alfahari da shi shi ne abin da ya kira aljihu. Ya ce in kana da lambar da za ka yi ta amfani da ita, kamar faɗin aska, sai ka ɗinka mata aljihu ka sa masa suna, ka jefa lambar a ciki. Duk inda aka ambaci sunan, kwamfuta za ta sa hannu ta ɗauko. In ka ga dama gobe ka cire lambar ka sa wata, zanen duka ya bi ta. Ya ce a cikin Allura babu aljihun da ba ya buɗuwa, kuma da gangan ya yi haka, don ba ya son yaren da zai ce wa tela a'a. Na ce Allah ya sa albarka. Ban ga abin da ya shafe ni ba a ranar.

Maigidana da ya koya mini aiki sunansa Malam Hambali. Mai zayyanar riga ne, shi ke zana abin da mu za mu bi da allura. Kowa na yin aska takwas a Kano, amma tasa daban take, har ake ce mata 'yar Hambali. Ba ado ne ya yi mata yawa ba, zama ne. In mai rigar ya ɗora hannu a ƙirji zai gaida babba, tambarin kan shiga tafinsa daidai, kamar don shi aka halicce shi. Mu bakwai muka koya a zaurensa. A lokacin da nake ba da labari ni kaɗai na rage a kan aikin, hannuna kuma ya fara nawa. Idon Malam ya riga ya tafi.

Kene ya je ya roƙi zanen. Sau uku yana zuwa, Malam yana ba shi goro yana yi masa hirar damina. Wasu tsofaffin teloli sun je sun ce wa Malam kar ya kuskura, abin da ya shiga inji ya zama na kowa. A zuwa na huɗu Malam ya laluba ya kama hannunsa.

"Ɗan Emmanuel, ubanka bai taɓa sayar mini da allurar banza ba. Zan ba ka. Amma amana ce. Kar ta lalace a hannunka. In ka ga za ta lalace, gara ka rufe ta."

"Na ɗauka, Baba."

"Ba a cewa an ɗauka da sauri haka."

Kene ya gyara zama, sannan ya sake cewa a hankali, "Na ɗauka."

Mako biyu muna zama a zauren da hantsi. Malam yana faɗa, ni ina zanawa da alli a kan allo, Kene yana rubutawa. Malam bai san inci ba. Da taƙi yake awo, wato daga kan babban yatsa zuwa kan yatsan tsakiya in an buɗe hannu. Doguwar aska taƙi biyu da rabi, tambari rabin taƙi, tsakanin wannan da wancan taƙi ɗaya. Komai daga taƙi yake fitowa. A rana ta ƙarshe Kene ya ce, "Baba, taƙin nan inci nawa ne?"

Malam ya yi murmushi ya ce, "Tambayi Sallau."

Na buɗe hannuna a kan tabarma, Kene ya sa tef ya auna. Inci takwas da kwata. Na ce masa, "Wannan dai nawa ne." Ya ce ai naka ya isa, Baba, ya rubuta. Ni na ɗauka ya ji, shi ya ɗauka tawali'u nake yi.

Da rigar farko ta fito daga keke muka kai wa Malam. Ya shimfiɗa ta a cinya, ya bi ta da yatsu tun daga wuya har bakin aljihu, a hankali, sau biyu. Ya ce, "Ba ta da gumi, amma ita ce." Kene ya fita waje ya daɗe yana duba tayar babur ɗinsa, wadda ba abin da ya same ta. Malam ya rasu da azumin shekarar da ta biyo, Allah ya jiƙansa.

'Yar Hambali ta shiga shaguna goma sha huɗu. Mafi girma a cikinsu na Hajiya Sharifa ne, mai keke uku a ƙasan titin. Shagon mijinta ne da ta karɓa bayan rasuwarsa, kuma duk wanda zai faɗi gaskiya ya san ya fi tafiya a hannunta. Mace ce mai kaifin kai, ita ta fi kowa iya Allura bayan mai shi. Ita ce kuma ta fara ganewa, ana saura kwana goma Sallah riguna sun taru har rufi, cewa in ta buɗe aljihun kaurin ɗinki ta rage, ta ɗan datse askar, ta matse tambarin, rigar awa biyar za ta fita a awa biyu. Ba ta ɓoye ba. Sauran suka gani suka bi. Kowa ya rage nasa daidai son ransa, wanda ya karɓa daga wurinsa ya ƙara ragewa.

Na yi wata shida ina gani ina kau da kai. Daga baya na hau benen na zauna, muka gaisa, muka yi maganar tsadar zare. Da zan tashi na ce, "'Yar Hambali ta rame."

"Ta rame kamar yaya, Baba?"

"Ranar Juma'a ka zo masallacin Fagge. Ba sai ka shiga ba, akwai inuwa a tsallaken titi."

Ya zo. Na hango shi a gindin bishiya lokacin da aka sallame, jama'a suna fitowa, yana bin ƙirjin mutane da ido. Askar wani ta zama tsinke, tambarin wani ya koma kamar maɓalli, ta wani kuma ana hango shadda ta cikin ɗinkin. Kuma duk wanda ka tambaya zai ce maka 'yar Hambali ce. Bai jira mun gaisa ba, ya hau babur ya tafi.

A nan ne ya yi abin da ya ce ba zai taɓa yi ba. Ya ƙara wa Allura sabuwar kalma: ɗinke. In aka rubuta ta a gaban aljihu, lambar da ke ciki ta zauna ke nan har abada. Ana iya dubawa, ana iya amfani da ita, amma ba mai sa hannu ya canza. Na ɗauka aikin yini ɗaya ne, sai da ya ci mako shida. Ya ce kalma ɗaya ce a ido, amma sai ya koya wa yaren ya gane ta, ya koya masa ya riƙa tuna wane aljihu ne ɗinkakke, sannan ya bi duk hanyar da hannu zai iya shiga ta bayan gida ya toshe. Ya ce abin da ya fi ba shi wuya shi ne koya wa yaren ƙin yarda, domin tun da aka haife shi bai taɓa ƙi ba.

Har abin da keke zai rubuta in an taɓa ɗinkakken aljihu sai da muka yi shawara. Shi ya sa kalma ɗaya, kuskure. Na ce masa ba a ce wa Hajiya mai jikoki ta yi kuskure a gaban ma'aikatanta. Ya goge, ya yi tunani, ya rubuta: Yi haƙuri, an ɗinke wannan aljihun. Sannan ya buɗe 'yar Hambali ya ɗinke kowane aljihu da ke cikinta, tun daga kaurin ɗinki har zuwa taƙi, ya bi shagunan ya sauya musu.

Kwana uku ba a yi ba sai ga Hajiya Sharifa a saman bene, tana haki. Ina nan zaune.

"Injiniya, zo ka cire mini tsiyar da ka sa wa kekunana."

"Hajiya, ai ladabi ne. Ba ki ga har haƙuri yake ba ki ba?"

"Ya riƙe haƙurinsa. Keken da na sayo da kaina ne zai ce mini in yi haƙuri?"

"Ke kika sa 'yar Hambali azumin da ba na farilla ba."

"Ji mini arnen kirki, har ya san farilla." Ta zauna ta gyara mayafi. "To na ji, na rage zare, na amsa laifina. Ka ɗinke kauri, ka ɗinke komai. Amma ka buɗe mini taƙin nan ko shi kaɗai. Mutane ba girmansu ɗaya ba. In ƙato ya zo muna ƙarawa da ido, in ɗan tsurut ne mu rage."

"Da idon kuka kai ta inda take." Ya juyo gare ni. "Baba, inci takwas da kwata. Ko ba haka muka auna a gaban Malam ba?"

Na ce haka muka auna.

Gaskiya na faɗa. Akwai sauranta da ya kamata in ƙara a wurin, kuma tana bakina. Amma rigunan Juma'a suna idona, ban so Hajiya ta sauka daga benen nan da gaskiya a hannunta ba. Na bar ta ta sauka haka.

Wata huɗu abin yana tafiya, rigunan suka yi kyau, Kene ya samu barci. Sai Alhaji Kyari ya kai ɗinki. Mutumin Barno ne da ya daɗe a Fagge yana fataucin busasshen kifi, dogo ne har sai ya sunkuya a ƙofar shago, hannunsa kamar faifai. Tun da daɗewa a wurin Malam Hambali yake kai ɗinkinsa. Sunan jikansa ya taso, ya kai shadda shagon Hajiya Sharifa ya ce a yi masa 'yar Hambali. Da ya je karɓa ya ga abin da ya gani, Hajiya ta nuna masa benen Injiniya da yatsa, ta ce can ake ba da haƙuri. Aka aiko mini. Na tarar da shi tsaye a tsakiyar ɗakin da sabuwar riga a jikinsa, wata tsohuwa kuma a kafaɗa.

"Malam Sallau, wa ya ciro aikin rigar jikana ya liƙa a tawa?"

Ɗinkin ba shi da aibu ko ɗaya. Amma a wannan ƙirjin ya zama kamar hular yaro a kan babba. Ya ɗora hannu a ƙirji, tambarin ya ɓace a ƙarƙashin yatsu uku. Ya tuɓe ta, ya sa tsohuwar, wadda Malam ya zana masa shekara talatin da suka wuce, ni kuma na ɗinka. Ya ɗora hannu. Tambarin ya cika tafin daidai.

Kene ya ce, "Wannan ba awonmu ba ne. Malam ya yi maka na musamman ke nan."

"Kowa na musamman yake yi wa." Alhaji Kyari ya juya aljihun tsohuwar rigar ya fito da cikinsa. Akwai jan zare guda ɗaya da aka ɗinka a miƙe a jikin yadin, ya koɗe amma yana nan. "Kafin ya zana komai sai ya ce buɗe hannunka. Ya auna da zare, ya yanke, ya ɗinka a nan. Duk awon rigar daga zaren nan ake ɗauka. Kai ba a gaya maka ba?"

Kene ya ɗauko tef ya auna zaren. Inci goma da rabi. Ya auna hannun Alhaji. Inci goma da rabi. Ya ajiye tef ɗin a hankali, ya dube ni.

"Baba. Taƙin mai rigar ne."

"Na mai rigar ne."

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Na ce maka wannan nawa ne."

Ya faɗi wata magana da yaren iyayensa, gajeriya. Sannan ya dawo Hausa. "Baba, don girman Allah. Na gaya maka tun ranar farko, kwamfuta ba ta san hannunka-mai-sanda ba. Ni ma da nake zaune da ita na fara mantawa."

"Ranar da Hajiya ta zo fa?" Ni na faɗi wannan, ba shi ba. Ya dube ni ya daɗe. Alhaji Kyari ya ce shi dai a yi masa riga kafin suna. Ni na yi masa da hannu, ban gama ba sai bayan yaron ya fara zama.

Washegari Kene ya ɗauki babur ya bi shagunan nan goma sha huɗu ya cire 'yar Hambali daga kekunansu. Ya ce in ya bar ta a buɗe za a ramar da ita, in ya bar ta a ɗinke hannun mutum ɗaya kawai take yi wa daidai, kuma duka biyun lalacewa ne. Malam ya faɗi abin da za a yi in aka zo nan. Wasu sun zage shi, biyu sun daina kiransa gyara. Na ji an ce akwai waɗanda suka ɓoye kwafi, amma abin da suke fitarwa ba wanda ke kiransa da sunan Malam. Ya yi wa kowa alkawarin zai dawo da ita in ya gyara.

Gyaran shi ne aljihu iri na uku, wanda ya kira ƙulli. Yana zuwa a buɗe, babu komai a ciki. In za a fara riga, keke zai tambayi taƙin mai ita. A auna hannunsa a rubuta, sau ɗaya. Daga nan aljihun ya ɗinke kansa, ba mai taɓa shi sai rigar ta ƙare. Sauran awon, kauri da rabon aska da tambari, suna nan a ɗinke yadda suke. Ya ce masu manyan yarukan duniya sun daɗe da sanin bambancin abin da ba ya canzawa har abada da abin da ake sawa sau ɗaya a bari, shi ma ya karanta a makaranta, amma sai da ya ga cikin aljihun Alhaji Kyari ya gane amfaninsa.

Da ya gama bai kai wa kowa ba sai Hajiya Sharifa. Ya ce mata, "Ke kika fi kowa sanin ƙofar baya. Fasa mini shi in kin iya."

"Yau kuma ni ce malama?"

"Ke ce. Kuma ranar nan ke ce mai gaskiya."

"Sake faɗa, Malam Sallau bai ji ba."

Na ce na ji.

Ta zauna gaban keken. Ta auna hannun wani ma'aikacinta ta rubuta inci tara, keke ya fara aiki. Ta gwada canza lambar, ya ba ta haƙuri. Ta gwada ta wata hanya, ya sake ba ta haƙuri. Ta zuba wa allurar ido har askar farko ta kusa rabi. Sai ta miƙa hannu bango ta kashe soket.

"An ɗauke wuta," in ji ta.

Ta kunna. Keke ya farfaɗo, ya tambaye ta taƙin mai riga kamar bai taɓa ganinta ba. Ta rubuta inci shida. Ya karɓa, ya ci gaba da askar a tsuke.

Kene ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ya yi wata uku yana toshe ramin ɓera, ya manta a Kano yake. Riga ɗaya kan ga ɗaukewar wuta sau uku kafin ta ƙare, ko ba mai niyyar cuta za a iya mantawa da lambar farko. Hajiya ta ce ya bar shi haka, ita ta yi alkawari ba za ta taɓa ba. Ya ce ya yarda da ita, amma amanar ba a hannunta aka sa ba.

A hanyarmu ta komawa ya tsaya ya ce, "Baba, yau ba na son hannunka-mai-sanda. Riga tana wata uku a hannunku. In kun ajiye kun dawo, yaya kuke yi?"

Na faɗa masa duka, dalla-dalla, yadda ban saba ba. Ba ma dogara da tunawa. Zaren yana jikin rigar. Duk safiya kafin allura ta shiga, sai ka juya aljihu ka ɗora abin awonka a kan zaren. In sun yi daidai ka ci gaba, in ba su yi ba ka tsaya.

Ya ce to haka keke zai yi. Ɗinkinsa na farko a kowace riga zai zama zaren mai ita, a miƙe a cikin aljihu. Wannan ɓangaren ya rubuta shi, na ga ya yi aiki, jan layi siriri a jikin farar shadda. Saura ɓangare na biyu, yadda keke zai gane cewa rigar da ke gabansa ita ce ta ɗazu, ya koma ga zaren maimakon ya tambayi mutum. Keke ba shi da ido. Ya gwada hanya biyu bai gamsu ba. Ya ce akwai ta uku, tana kansa, sai an gama hidimar Sallah zai zauna.

Da damina ta sauka ya faɗi a shago wata safiya, hawan jini. Ya yi mako uku a kwance. Na je sau biyu, a na biyun bai iya magana ba, ya dai buɗe hannunsa a kan bargo ya dube ni. Da ya rasu aka ɗauke shi zuwa garin mahaifinsa a kudu, garin da bai taɓa yin wata uku a jere a cikinsa ba. Telolin Fagge sun cika ƙofar gidan a Sabon Gari, har da biyun da suka daina kiransa. Hajiya Sharifa ta yi kwana uku tana aika abinci. Bayan an kwana biyu ta tambayi Philomena, cikin ladabi, ko za a ba ta 'yar Hambali ko da yadda take. Philomena ta ce ya faɗa mata kar a ba kowa sai ya gama. Hajiya ta ce haka ne, ba ta sake tambaya ba.

Ujunwa, wadda ke aikin harhaɗa magunguna a Abuja, ta zo kwashe kayan shagon. Ta aiko mini, ta ce akwai abin da ta ga sunana a kai. Na hau benen, wannan karon da hutawa biyu. Ta kunna kwamfutar ta buɗe aikinsa na ƙarshe. Idona ba ya ganin ƙananan haruffa, sai ta karanta mini layukan ƙasa da Hausarta ta 'yan Sabon Gari:

ƙulla taƙi

ɗinka zaren mai riga a cikin aljihu

idan wuta ta dawo

Ta ce daga nan babu komai, sai wani ɗan farin tsinke da ke ƙiftawa a farkon layi.

"Baba, ka san abin da zai biyo baya?"

Na ce mata na san abin da Malam yake yi. Yadda ake faɗa wa keke ne ban sani ba.